Karsanar Doguwa

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina saurayi ne, zamanin da ake yaƙi da ciwon bushiya, ina aiki a sarwis ɗin dabbobi na Birnin Konni, muna bin ƙauyuka muna yi wa shanu allura, kuma doka ce duk wadda aka yi wa sai a tsaga mata kunne don kada a maimaita. Tsagar nan ita ce aikina, ina kuwa ji da kaina, don hannuna ya faɗa sosai.

Ranar nan da hantsi muna wani ƙauyen Azna, masu bin addinin gargajiya, bayan Dogarawa, aka koro garke, a ciki akwai wata baƙar karsana mai sheƙi wadda na lura ba wanda ke son kama ta. Ni ina ruwana, na cafke kunne na tsaga. Sai wata tsohuwa ta ɓullo tana haki, ana ce mata Inna Hakuwa, ta dubi jinin ta dube ni.

"Ɗana, wagga ba tawa ta ba, ta Doguwa ta. Ba a zubda jininta sai ta biɗa."

Doguwa iska ce da tsohuwar ta gada wurin uwarta. Na yi murmushi irin na ɗan lakwal, wato ɗan boko, na ci gaba da aiki. Kafin azahar hannuna na dama ya ƙage, yatsu sun dunƙule, ji nake kamar wani ya riƙe min damtse ya ƙi saki. Likita a Konni ya duba ya ce bai ga komai ba, malami ya yi rubutu na sha har na gaji, shugabana kuwa ya fara maganar neman wani a gurbina, ga tsofaffina a gida da ni suka dogara. Tsoro ya kama ni ba kaɗan ba.

Direbanmu Nomau ne ya gaji da ganina, ya ce girman kai rawanin tsiya, ya sa ni a mota muka koma. Na zaci za a ce in kawo baƙar akuya a kira masu goge. Ina! Tsohuwar nan sai ta ja ni gindin wata tsamiya da rana tsaka, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta shiga yi wa Doguwa faɗa kamar mai yi da ƙanwarta.

"Ke kau kin cika hushi. Baƙo na, mi ya sani? Tun ina ɗiya muke tare, na taɓa hana miki nono? To in ba ki sake ɗan mutane ba, ki nemi mai zuba miki."

Tana magana tana dakatawa kamar mai sauraron amsa, har da tsaki, can ta yi dariya ta ce, "Yauwa, ko ke hwa."

Wallahi tallahi, a nan na ji yatsu masu sanyi suna sakin hannuna ɗaya bayan ɗaya, dogaye ne, don sun zagaye damtsena har sun haɗe. Na buɗe tafina na rufe, na sake buɗewa, sai ga hawaye, na shiga yi wa tsohuwar godiya. Ita ko a jikinta, cewa kawai ta yi, "Halinta na, ba ta da riƙo."

Na yi ritaya da hannun nan lafiya lau, alhamdu lillahi, kuma har gobe ban san me zan kira abin ba. Ni Musulmi ne, ban ce kowa ya bi iska ba. Amma in kun shiga garin mutane kuka ga dabbar da masu ita ke kauce mata, ku tambaya tukuna. Ba kowa zai dace da tsohuwar da za ta yi masa faɗa da abin da ba ya gani ba.