Hotunan Malam da Sale ya zuba a murhu

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar maigidana. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, ina faɗa ina share hawaye.

Malam, don har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, mutumin Kademi ne, mai kai shanu Ibadan tun kafin yaƙin basasa. A unguwar Sabo yake sauka. Duk dawowa sai ya zo mini da kati mai hoto: tashar jirgi, kasuwar goro, gari a kan tudu duk rufin kwano. Ya zaunar da ni, ya ɗora yatsa, ya ce nan yake Juma'a, nan wata Bayarabiya ke sayar masa da abinci tana kiransa Baba Kano. Akwai hotonsa guda, da babbar riga ta aro, ya rungume rediyon mai ɗaukar hoton kamar nasa. A kwalla nake ajiye su.

Can ya rasu, can aka binne shi, ban ga gawarsa ba. Ina cikin takaba ƙaninsa Sale ya shigo ɗakina ya buɗe kwallar. Ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto, ni nake tare wa mamaci rahama. Ya zuba su a murhu ina kallo, mai takaba ba ta da bakin faɗa. Ba a daɗe ba Sale ya tafi Makka, ya dawo ya rataya nasa hoton a zaure.

Kwanan baya jikana da ke Ibadan ya ce ana tara tsoffin hotunan Sabo, ko muna da na kakansa? Da Malam yana raye, da shi zai zauna ya nuna musu inda kowane masauki yake. Na rufe ido in siffanta masa kakansa, sai na ga riga, na ga rediyo, babu fuska. Abin da ya rage mini ke nan, sai kwallar da ban sake sa komai a cikinta ba.

Yanzu Sale yana kwance a Gafasa, ya aiko 'yarsa neman yafiya. Ta durƙusa ta ce, "Inna, takarda ce fa kawai."

Na ce, "Ban yafe ba. Shi zai riga ni tafiya. In ya ga yayansa, ya gaya masa da bakinsa abin da ya sa in na zo ba zan gane shi ba."