Faratan Hannun Daman Malamin Gona

Duk ranar Juma'a, tun ban gama shimfiɗa buhuna a gindin darbejiyar da ke kusa da masallaci ba, zan hango Malam Hamisu Malamin Gona tafe, hannun dama a ɗage kamar wanda ya ƙone. Ku mutanen Unguwar Hajji kun san tafiyar nan, ba sai na kwatanta muku ba. Ni Ɗanjuma mai yankan farce na daɗe a wannan sana'a. Na riƙe hannun 'yan dako, na riƙe na alhazai, amma ban taɓa haɗuwa da hannun da ya sa ni ciwon kai irin na wannan dattijo ba, Allah ya ji ƙansa.

Hagu ba ta da matsala. Miƙo mini ita yake yi yana kallon wani wajen, ya ce in ƙwaƙule ta yadda na ga dama. Da an zo kan dama kuwa sai ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge.

"To, Ɗanjuma, yau nawa za mu bari?"

"Malam, ni yankewa na koya, ban koyi bari ba."

"Shi ya sa har yau kake kan buhu."

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba: Malam yana da wata tsohuwar jita tun zamanin da yake makarantar koyon aikin gona. Ta shekara da shekaru a rataye, har zanzaro ya yi gini a cikinta, kowa yana zaune lafiya. Da ya yi ritaya sai 'yarsa Rabi da ke Kano ta aiko masa da babbar waya, wai don ta riƙa ganin fuskarsa in sun gaisa. Baiwar Allah ba ta san abin da ta jawo mana ba. A cikin wayar nan ya ci karo da wasu tsofaffi na wani tsibiri wai shi Hawai, manyan mutane da riguna masu furanni, suna kaɗa jita. Su sassauta tsirkiyoyin suke yi har ka ce kayan ya lalace, sannan babban yatsa ya riƙa bugun masu kauri kamar ganga, sauran yatsu kuma su fitar da zaƙin kiɗan. Tsoho na farko da yatsa biyu yake yi. Na biyu da uku. Na uku kuma, don ya ƙarasa mu, da huɗu. Da cajin wayar ya ƙare a kan tsohon farko, da duk mun huta.

Kowane yatsan da zai tsinki tsirkiya kuma, in ji Malam, sai da farce. Ta haka rigimar mutanen tsibiri ta taso ta sauka a kan buhuna.

Wannan Juma'ar zai zo da tabbaci: "Biyu! Babban yatsa da manuniya. Shi ne na dattawa, saura duk burga ce. Yanke na tsakiya." In yanke. Juma'a mai zuwa sai ga shi fuska a murtuke, ya tura mini yatsan a hanci.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Kai ka ce in yanke, Malam."

"Kai kuma sai ka biye mini? Ba ka ga a gajiye nake ranar ba?"

Ranar da Liman ya yi huɗuba a kan tsafta, ya ambaci cewa bai kamata farce ya wuce kwana arba'in ba a yanke ba, rabin sahun gaba sai da suka waiwayo suka dubi Malam. Na ce alhamdu lillahi, ƙarshen abin ya zo. Ina! Ana idar da salla ya zo ya miƙo mini babban yatsan, wanda a lokacin farcensa ya isa a fere rogo da shi.

"Ɗan taɓa bakinsa da almakashi."

"Kamar yaya, Malam?"

"Kamar ƙwayar gero. In an tambaye ni, an yanke."

"In kuma ni aka tambaya fa?"

"Wa zai tambaye ka? Kai Liman ne?"

Wata shekara ya ce shi ya gaji da shawarar baƙi, zai nemi masani na gida. An ba shi labarin wani dattijon Bafulatani a Gwangwan, ta wajen Rogo, mai suna Buba, wanda in ya ɗauki molo har mata masu daka sai sun tsaya. Ya ɗora ni a bayan babur, wai ni ne masanin farce. Muka sha hanya, muka samu mutumin a inuwa, aka gaisa, aka tambayi shanu da iyali, aka kawo mana fura da nono. Buba ya ɗauki molonsa ya fara. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Shi kuwa Malam ba saurare yake ba, ya durƙusa ya kafa wa hannun mutumin ido.

"Tsaya, tsaya! Da yatsa nawa kake yi?"

Buba ya dubi hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. "Ni dai kaɗawa nake yi. Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Shekara nawa kana kiɗa ba ka ƙirga ba? To sake, ka lura."

Mutumin kirki ya sake, yana lura. Ya yi kuskure. Ya sake, ya kuma kuskurewa. Karo na uku yatsun suka harɗe gaba ɗaya. Ya ajiye molon a hankali, ya jawo sandarsa kusa, ya ce mana rana ta yi, kuma hanyar Karaye da nisa. A kan babur Malam ya juyo ya ce mini, "Ka gani? Ashe ma bai iya ba."

Mai ɗakinsa, Inna Tabawa, ita ta fi kowa shan wahalar abin. Ƙawar mahaifiyata ce, a gidanta na sha ƙanzo ina ƙarami, don haka ba ta ɓoye mini komai. Ta lura da wani abin al'ajabi: da hadarin farko ya taso, aka fito da buhun gyaɗar iri za a ɓare don shuka, a ranar Malam yake gano cewa yatsa huɗu ne daidai. Mutumin da ya yi aikinsa kaf yana koya wa manoman Tudun Kaya cewa gyaɗar iri da hannu ake ɓare ta, kada inji ya fasa ƙwayar!

"Malam, ga tire, sa hannu."

"Kin san duk huɗun suna bakin aiki."

"To ƙaramin fa?"

"Shi yake dafe jitar."

"Amma jiya da na kawo tuwo na ga duk biyar ɗin sun samu hutu."

Ta ɓare gyaɗarta ita kaɗai, yana gefe yana kunna mata kiɗa, wai yana rage mata gajiya.

Na ce kiɗa, amma bari in faɗi gaskiya. Kiɗa ɗaya ne tal yake koyo, na tsohon farkon nan, kuma farkonsa yana da daɗi, ba zan zalunce shi ba. Sai dai da ya kai tsakiya, inda kiɗan yake hawa, sai ya tsaya cak. "A'a, nan wajen uku yake so." Ya koma farko da uku. Ya zo wajen, ya sake tsayawa: huɗu. Shekara bakwai ana haka! Inna Tabawa ta haddace rabin kiɗan nan har tana yin sa da baki in tana tankaɗe, kuma ita ma daidai wajen take tsayawa, don ba ta san gaba ba.

Wata rana a gabana ta ce masa, "Don Allah, Malam, kafin in mutu zan ji ƙarshen abin nan kuwa?"

"Ki bari in yanke shawara tukuna. Abin ilimi ne, ba dakan fura ba."

Muka yi dariya, har da ita.

Sai ciwo ya kwantar da ita. Da safe tana shara ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita gida. Rabi ta zo ta yi sati uku, ta koma wajen 'ya'yanta da aikinta. Dangi suka ce za su turo wadda za ta zauna, Malam ya ce shi ba gawa ba ne. Inna kuma ta ƙi cokali, ta ce ƙarfen yana buga mata haƙora, don haka da hannu yake ba ta abinci.

Ranar wata Talata, ina kasuwa, sai ga shi. Talata fa! Hannun ba a ɗage yake ba. Ya zauna a kan buhu ba gaisuwar kirki, ya miƙo mini dama.

Na ce, don in tsokane shi, "Yau nawa za mu bari?"

"Yanke duka."

"Har babban?"

"Na yage mata leɓe da safe ina ba ta tuwo. Sai jinin kawai na gani." Ya kawar da kai. "Ƙwaƙule su, Ɗanjuma, irin na hagu."

Na daɗe ina burin ranar da zan datse babban farcen nan, har mafarkinsa na taɓa yi. Da ranar ta zo, na datse shi, amma ban ji daɗin komai ba.

Bayan kwana biyu na shiga duba Inna da la'asar. Tana jingine da filo a tsakar gida. Ta nuna wa Malam jitar da haɓa. Ya ce ai babu farce, ba za ta yi ƙara ba. Ta sake nunawa. Sai ya ɗauka, ya sa tsokar babban yatsa da manuniya, don su kaɗai suka iya kama tsirkiya a haka. Kiɗan ya fito a hankali, mai laushi, sai ka matso za ka ji. Ya zo wajen nan na tsakiya, ni da ita duk muka riƙe numfashi. Babu farcen da zai sa ya canza yatsu, sai kawai ya wuce. Ya bi shi har ƙarshe, ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin.

Hawaye na bin gefen fuskar Inna da bai shanye ba. Can ta buɗe baki da ƙyar.

"Ɗan wannan ne ya rage? Shekara bakwai?"

Malam ya yi dariya har da tari. Kullum bayan la'asar ya riƙa kaɗa mata shi, daga farko har ƙarshe, tsawon wata biyar ɗin da ta ƙara a duniya.

Bayan an yi arba'in ɗinta na ga faratan sun ɗan taso. Na riƙe hannun, na ce, "Malam, yanzu ai sai mu koma aiki. Nawa za mu bari?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa zai ji?"

Ban sake tambayarsa ba, har Juma'ar da na shimfiɗa buhuna na jira bai zo ba.

Allah ya ji ƙan Malam Hamisu, ya ji ƙan Inna Tabawa, ya haskaka makwancinsu. Hannun nan da ya ciyar da ita, Allah ka ba shi littafinsa a cikinsa. Amin.