Yayata da Rabon Ruwan Madatsa

Yayata injiniyar ban-ruwa ce. A shekararta ta biyu a jami'a ta haɗa injiniyancin da wani ƙaramin fanni na nazarin yankunan duniya, ta zaɓi kudu maso gabashin Asiya. Litinin tana ajin tarihi, Laraba tana wurin malaman labarin ƙasa, ran Alhamis kuma ta dawo gida tana karya harshe da wani yare har Umma ta leƙo daga kicin ta ga ko lafiya.

Baba, wanda ya tsufa a sana'ar gyaran famfo, bai ga amfanin abin ba.

"Ke da za ki haƙa magudana, ina ruwanki da sarakunan wasu?"

"Baba, su ma shinkafa suke nomawa," in ji ta.

Da ta gama, aka tura ta wata ƙaramar madatsa mai shayar da gonaki ɗari da wani abu. Ta tarar da rigimar da ta girme ta: manoman sama suna tare ruwa da buhunan yashi, na ƙasa suna zuwa su farke. Injiniyoyi biyu kafin ita sun sa wa magudanar ƙofar ƙarfe da kwado, duka an ɓalle.

Mai gidanta a ofis ya ce a sayo kwado mafi girma. Yaya ta roƙi wata guda. Ta tuna takardar da ta rubuta a jami'a a wancan fanni na kudu maso gabashin Asiya, kan ƙauyukan da manoma ke zaɓar mai rabon ruwa da kansu. Ta sa takalmin roba, ta bi gonakin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Wasu ko gaisuwarta ba su amsa ba.

Ranar da ta tara su a rumfar injin madatsar, ta ce mabuɗin ya bar ofis ya koma hannunsu, kuma mai riƙe shi ya fito daga cikin na ƙasa.

Wani dattijo daga manoman sama ya miƙe. "'Yata, a ina kika taɓa ganin haka?"

"A littafi, Baba. Amma mutanen da suke yi manoma ne kamarku, kuma sun daɗe suna yi."

"To in ya cuce mu fa?"

"Ku sauke shi da kaka. Ku kuka ɗora shi."

Aka yi ta ja har la'asar. Ba duk shawararta suka karɓa ba. Sun ce mutum biyu za su riƙe mabuɗin, ɗaya daga kowane ɓangare. Yaya ta ce nasu tsarin ya fi nata.

A ranin shekarar ruwa ya kai gonar ƙarshe, wadda ta shekara shida a bushe. Mai ita, wata gwauruwa, ta shiga tsakiyar kwamin da zanenta ta tsaya, ruwa har idon sawu, tana ta dariya.

Yanzu madatsu uku ke ƙarƙashin Yaya. Takan dawo gida duk jikinta laka, wayarta na ta ƙara, manoma suna neman ta zo ta shaida zaɓe.