Tsamiyar Saudatu

Duk unguwar Hindawiyya ta Makka an san Lurwanu mai ruwa da abu biyu: ƙarfi da saurin hannu. Ɗan dambe ne a Sakkwato kafin ya taka ƙasa zuwa Makka ta Sudan, can kafin yaƙin Turawa. Ya aje damben, amma zuciyar ta biyo shi. Garwa biyu yake ratayawa a sanda, ya hau tudu ya sauka yana sayarwa. Yaro ya tunkuɗe shi har ɗigo ya zuba, to ranar uwarsa sai ta gasa masa kunne.

Mutum ɗaya ke iya tanƙwara shi, matarsa Saudatu. Ita ta shuka ƙwallon tsamiyar da ta ƙullo daga gida a tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Babu fili, sai rufin ɗaki. Duk shekara ta ciro itacen ta rage masa saiwa, ta datse rassa, har ya tsufa bai wuce kamu biyu ba, kututturensa kamar hannun dattijo.

Zazzaɓi ya ɗauke ta bayan wani aikin Hajji. Aka binne ta a maƙabartar Ma'ala, inda kabari ba suna. Lurwanu ya koma ya kasa gane wurin. Abin da ya rage masa nata, tsamiyar nan ce.

Ya so ta, Allah ya sani, amma son marar sani. Ya janye ta daga rana ya kai ɗaki. Safe ruwa, yamma ruwa. Da ya ga ruwan yana tsiyayewa ta gindi, ransa ya ɓaci: ruwan da ya ɗauko a wuya ne zai bi ƙasa? Ya sami tsumma da kwalta ya toshe hudar tam.

Ganye ya fara rawaya yana zuba. Shi kuwa sai ƙara ruwa yake.

Wata rana da hantsi ya dawo ya tarar da Rabe wanzami, maƙwabcinsa kuma amininsa tun hanyar Sudan, ya fito da tukunyar rana, yana datse matattun rassa da aska. Idon Lurwanu ya rufe.

"Mi kaka yi ma iccen Saudatu?"

"Sannu Lurwanu. Ruwa ya yi mai yawa, ɗan'uwa. Tsaya in gwada ma..."

"Kai ka kashe shi! Sara icce cikin Harami!"

Bai jira amsa ba. Naushin farko ya zubar wa Rabe haƙora biyu. Ya ɗaga shi ya maka da bango, ya take hannun da ke riƙe da askar, ya murza har ƙashi ya ce ƙas. Rabe na ihu yana kiran sunan Allah, jini na bin gemunsa. Maza suka taru suka rirriƙe Lurwanu, ya watsar da su, sandar garwarsa ta daki tukunyar ta dare biyu.

Wari ya tashi kamar na tsohuwar kwata. Baƙin ruwa ya malalo, saiwoyi sun ruɓe sun yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Ga tsummansa nan manne da gindin tukunya, da kwaltarsa.

Lurwanu ya durƙusa ya ɗauki tsumman.

Ya sha bulalar hukuma, bai ko yi tari ba. Tsamiya ta mutu. Hannun Rabe ya ɗore a karkace, bai sake riƙe aska ba.

Tun daga nan garwar farko ta kowace safiya ƙofar Rabe Lurwanu ke kai ta, kyauta. Asiya matar Rabe takan fito, ta ɗaga garwar, ta tuntsurar da ita a ƙasa a gabansa, ta rufe ƙofa. Haka suka yi har ya tsufa. Yakan tsaya ya ga ƙasa ta shanye ruwan tas, sannan ya ɗauki garwarsa.