Ciwon da Inna Hadiza ta ƙi faɗa gaban suruki

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar Larabar da aka kawo Inna Hadiza ba. Ni direban ambilans ne, na tsufa kan hanyar Dogon Dutsi, ba girma ba godiya. Makaranta kuwa, a firamare na tsaya.

Damina ce, ana noma. Surukinta ya kawo ta a amalanke daga wani ƙauye bayan Keshe. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar ɗakin shan maganinmu, ya tambaye ta ina ke ciwo. Ta dubi ƙasa.

"Gajiya ce kawai."

Ku sabbin zuwa aikin nan ku sani: macen Arewa ba ta zana ciwon jikinta gaban mijin ɗiyarta, ko tana mutuwa. Surukin ya ce aljana doguwa ce ta taɓa ta a gona. Majo ya ce olsa ce.

Akwai wata yarinyar likita da aka turo mana, Dokta Rabi. Ni raina ta nake, don sa'ar ɗiyata ce. Ta ce, "Baba Illa, fitar mini da mazan nan, har kai."

Muna fita, tsohuwa ta buɗe baki. Ashe muƙamuƙi ke mata ciwo, da tsakanin kafaɗu, ga tashin zuciya, ga zufa mai sanyi.

Dokta ta fito da gudu. "Ta da mota! Zuciya ce."

Majo ya ce, "Ba ta dafe ƙirji ba fa."

"Sau da yawa mace ba ta dafewa. Littattafan da muka karanta, yawanci a jikin maza aka yi bincikensu."

Na tuƙa kamar ba gobe. A babban asibiti na'ura ta zana bugun zuciyar, aka ce haka ne, da an bari ta kwana da sai dai gawa. Bayan girbi Inna Hadiza ta zo da ƙafarta, ta kawo mana wake.

Amma ni tun a hanya na tuna baya. Mahaifiyata haka ta yi: muƙamuƙi, gajiya, zufa. An ba ta maganin haƙori, ta kwanta, ba ta tashi ba. Shekaru muna cewa iska ce.

Abin da na koya ke nan. In an kawo mace ta ce gajiya ce, ku fitar da maza tukuna, sannan ku sake tambaya. Ni nake fara fita.