Mangwaro a Bokiti

Ina aji uku a sakandare, can wajen Kwanar Dangora, malamin kimiyyarmu ya kafa ƙungiyar kimiyya da muhalli. A shekarun nan rediyo ba shi da zance sai hamada na tahowa. Mun yi ma'aunin ruwan sama da kwalba, mun gina murhun laka mai cin itace kaɗan, amma abin da ya tafi da hankalina auren mangwaro ne: ka yanko reshen mai daɗi da reza, ka tsaga ɗan tsiron gargajiya, ka haɗa su, ka ɗaure da leda. Na yawancin 'yan ƙungiya ya bushe, nawa ya kama. Wallahi har tafiyata sai da ta canza.

Da hutu ya zo, Malam ya ce kowa ya kai nasa gonar gidansu ya dasa, wanda nasa ya rayu shi za a tafi da shi baje koli Kano. Ni kuwa ko hanyar Kano ban taɓa takawa ba.

Mu Fulani ne da muka zauna a gefen Ɗansoshiya. Gonar da muke ci da ita, har filin da ɗakunanmu suke, aro ne daga wani dattijon garin da muke kira Alhaji. A can kowa ya sani, gonar aro ka shuka dawa, ka shuka gyaɗa, amma ba ka dasa bishiya. Wanda ya dasa bishiya ya ce ƙasar tasa ce ke nan.

Mahaifina ya gan ni da fartanya da tsiro, ya ce, "Ina zuwa?"

"Gona, Baffa. Malam ne ya ce."

"Malam zai ba mu wata gonar in aka karɓe wannan?"

Na ce to a tsakar gida. Ya ce tsakar gidan na ubanka ne? Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka kamar ba saurayi ba. Inna ce ta ba ni tsohon bokitinta mai huji, na cika shi da ƙasa da taki. Baffa ya yarda, da sharaɗin in riƙa gusar da shi kada saiwa ta taɓa ƙasa. Yayyena suka samu abin tsokana, kullum sai sun ce, "Ga makiyayin bishiya, yau ina za a kai ta kiwo?"

Na koma makaranta, kunya ta hana ni gaya wa Malam ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa. Na dai ce ban dasa ba. Aka tafi Kano ba ni.

Damina ta sauka, aiki ya sha kan kowa, aka manta da bokiti a bayan rumbu. Da na dawo na ɗaga shi, ya ƙi ɗaguwa. Saiwa ta bi ta huji ta shige ƙasa, ganye ya yi shar. Na tsorata, amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ana haka Alhaji ya zo duba shanunsa da muke kiwo. Aka gaisa, aka tambayi iyali, ya kalli bayan rumbu ya ce wa Baffa, "Masha Allah, Malam, ashe mangwaro ya kama."

Yana fita Baffa ya ɗauko wuƙa ya datse saiwar, ya ɗora min bokitin a ka. Muka bi Alhaji har gida. Baffa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ne ya raino maka." Ni na haƙa ramin da hannuna a ƙofar gidansa, ina haɗiyar hawaye, Alhaji kuma yana sa min albarka.

Gonar ta tsira, muka ci gaba da nomanta har Alhaji ya rasu, magada suka raba, muka tashi. Bara na bi ta garin, na tsaya a inuwar wata ƙatuwar bishiyar mangwaro a ƙofar gidan Alhaji. Wani jikan gidan ya tsinko min guda biyu ya ce, "Baba, ɗanɗana ka ji. Kakanmu ne ya dasa, irinsa babu a ƙasar nan."