Harshen Malam Foong

Malam Foong Kam Wah ya koyar da lissafi shekara talatin a garin Kampar, amma ba wanda ke tuna shi da alli. Da harshensa aka san shi. Tun kafin ya yi ritaya yake da kujera a shagon kofi na Tsoho Han, a teburin dutse na ƙarƙashin fanka, kuma duk mai abincin da ya kama gurbin sayarwa a shagon, kwanonsa na farko teburin nan ake kai wa. Malam zai ɗanɗana, ya lumshe ido, kowa ya yi tsit. In ya ci gaba da ci, mutum ya tsira. In ya ture kwanon da bayan hannu, sai dai a fara neman wata unguwa. Haka ya yi wa wata mai taliya, ko wata biyu ba ta cika ba ta kwashe kayanta. Da aka ba shi labari, cewa ya yi ya ceci cikin jama'a.

Bai yi aure ba, ba shi da aboki na gaskiya, bai kuma taɓa hura wuta a gidansa ba. Kujerar nan ita ce abin da ya mallaka a duniya.

Wadda ta fi shan wuya a hannunsa ita ce Yoke Lin, mai shinkafar tukunya. Murhun gawayi goma sha biyu ne a jere gabanta a bakin shago, kowanne da ƙaramar tukunyar ƙasa ɗaure da waya, tana fifita wannan tana juya wancan, gumi har gwiwar hannu. Mijinta ne ya kafa sana'ar. Ranar da ta dawo aiki bayan rasuwarsa, idonta a kumbure, Malam ya gauraya shinkafar da kaza da kifin gishiri, ya kai cokali ɗaya baki, ya ce:

"Yoke Lin, da kin bari an binne tukwanen nan tare da shi. Hannun ai ya riga ya tafi."

Shekara sha takwas ke nan. Kullum da rana sai ya ci shinkafarta, ya kankare ƙanzon tas har tukunya tana ƙara, sannan ya goge baki ya faɗi laifinta da ƙarfi, yadda na teburin ƙarshe zai ji. Mutum ya cinye abinka ya kushe, ka sake dafa masa gobe. Ita dai ba ta taɓa tankawa ba.

Sai ciwo ya kama shi can bayan hanci, irin wanda ba a son ambaton sunansa. Ya ce da 'yan shago zai je Penang ganin ƙanwarsa, amma ya tafi asibitin Ipoh aka yi wata biyu ana gasa wurin da na'ura. Ya warke, amma harshe ya mutu. Baƙin kofin Tsoho Han ya zame masa ruwan ɗumi, shinkafa kuwa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Likita ya ce wataƙila ɗanɗano ya dawo, wataƙila kuma a'a. Malam ya ji tsoron wannan fiye da yadda ya ji tsoron mutuwa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya koma kujerarsa yana hukunci da ido. Ya duba launin abinci, ya saci kallon fuskar Loke, tsohon direban tasi da suke zama tare, sannan ya lumshe ido ya zuba magana. Wata bakwai yana haka, har ya fara yarda cewa mutanen Kampar ba su da wayo.

Wata Asabar da rana, shago cike, Yoke Lin ta kawo tukunya da kanta, tukunyar tana tsuwa, ta dire gabansa.

"Malam, na canja romon waken soya da nake zuba wa shinkafa. Kai kaɗai na dafa wa. Ɗanɗana ka faɗa mini gaskiya."

Shekara sha takwas ba ta taɓa neman ra'ayinsa ba, daɗi ya kama shi har ya gyara zama. Ya buɗe murfi. Shinkafar ta fi ta kullum baƙi, gaban Loke kuma ba komai sai kofi, babu fuskar da zai karanta. To, baƙi haka ai romo ne ya yi yawa. Ya gauraya, ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ture tukunyar da bayan hannu.

"Gishiri! Ke kashe tsofaffi kika zo yi? Wannan ko kifin teku aka ba shi sai ya nemi ruwa."

Ba wanda ya yi dariya. Yoke Lin ta ɗauki cokali mai tsabta ta miƙa wa Loke.

"Yaya Loke, taimaka."

Loke ya ci, ya yamutsa fuska. "Kai! Wannan ai alewa ce."

"Ko ƙwayar gishiri ɗaya babu," in ji ta, tana ɗaga murya yadda Malam ya saba ɗagawa. "Ƙonannen sukari ne zalla. Watan jiya na mance ban sa masa kifi ba, ya ce kifin ya yi yawa. Tun ranar nake kallonsa."

Tsoho Han ya leƙo daga wurin tukunyar ruwan zafi, matata a hannu. "Ni ma sati uku ke nan tuƙar kofin da zan zubar nake tace masa. Shekaranjiya har yaba ni ya yi!"

Nan shago ya fashe. Wani har da dukan tebur, wata tsohuwa ta ƙware da ƙwai. Loke, wanda ya shekara ashirin yana gyaɗa masa kai, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Malam ya ji kunya ta taso masa daga ƙirji har kunnuwa. Ya jira hayaniyar ta lafa, ya ce a hankali:

"Ciwo na yi. Ba Penang na je ba."

Yoke Lin ta dube shi sama da ƙasa. "Allah sarki. Ni ma na taɓa zuwa nan da ciwo." Ta koma wurin murhunta.

Washegari ya dawo, don ba shi da wani wurin zuwa. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya tambaye shi komai. Aka gaishe shi sama-sama, aka ci gaba da hira ta saman kansa. Ya ɗaga hannu ya nemi shinkafa, ya zauna jira.

Can sai ƙauri ya tashi a bakin shago. Tukunya ɗaya ta kama, mutane suna tari suna korar hayaƙi, shi kaɗai bai ji komai ba. Yoke Lin ta sauke ta, ta nufi kwandon shara, sai ta tsaya. Ta juyo ta dire ta gabansa.

"Kar a yi asara, Malam. Kai ai duk ɗaya ne."

Idonsa lafiya lau yake, yana ganin shinkafar baƙa ƙirin har sama. Ya dubi Loke, Loke ya kau da kai. Ya jawo tukunyar, ya ɗauki cokali.